Wa Ke Zaɓa wa 'Yan Adawa Shugabanninsu a Majalisa?

A duk lokacin da aka rantsar da sabuwar Majalisar Tarayya, hankalin jama'a yakan tattaru a kan kujeru biyu ne kawai, wato ta shugaban Majalisar Dattawa da ta kakakin Majalisar Wakilai, kuma da zarar an san waɗanda suka hau su sai kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan makonni ne ake karanta wasu sunaye takwas, huɗu a kowane zaure, na mutanen da za su ja ragamar 'yan adawa: shugaban marasa rinjaye da mataimakinsa, da mai tsawatarwa na marasa rinjaye da nasa mataimakin. Sanarwar ba ta cika jan lokaci ba, kuma in ba rigima ta tashi ba, gidajen rediyo sukan ambace ta ne a ƙarshen labarai. A ganina, hanyar da ake bi a fito da waɗannan mutane takwas tana daga cikin abubuwan da suka fi raunana adawa a ƙasar nan, kuma mu mutanen Kebbi da maƙwabtanmu na Zamfara muna da dalilin kula da ita fiye da mutanen jihohi da yawa.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ambaci shugaban Majalisar Dattawa da kakaki da mataimakansu, ya kuma ce 'yan majalisa ne za su zaɓe su daga cikinsu, amma bai ce komai ba game da shugaban marasa rinjaye. Ya bar wannan ga dokokin zama da kowane zaure yake tsara wa kansa, su kuwa dokokin abin da suka tanada a taƙaice shi ne 'yan jam'iyyun da ba su da rinjaye su fitar da shugabanninsu daga cikinsu. Ba a fayyace ranar da za a yi hakan ba, ba a faɗi wanda zai kira taron ba, ba a ce da ƙuri'a ko da maslaha ba, ba a kuma bayyana wanda zai tantance sakamakon ba idan aka sami saɓani. Daga wannan giɓi ne al'adu biyu suka taso suna ta karo da juna tun shekaru da dama. Ta farko ita ce uwar jam'iyya ta rubuto wasiƙa daga hedikwatarta a Abuja ta ce ga waɗanda ta amince da su. Ta biyu kuma ita ce wasu 'yan majalisa su zagaya da takarda suna karɓar sa hannun abokan aikinsu, sannan su miƙa wa mai jagorantar zama. Idan takardu biyu suka iso teburinsa, shi ne yake zaɓen wadda zai karanta, alhali shi ɗan jam'iyya mai mulki ne.

Abin da ya faru a Majalisar Wakilai a farkon watan Yulin 2019 ya isa misali. Jam'iyyar PDP ta aika da sunan Kingsley Chinda na jihar Ribas a matsayin shugaban marasa rinjaye, tare da wasu mutum uku, amma da kakaki Femi Gbajabiamila ya tashi sanarwa sai ya karanta sunan Ndudi Elumelu na jihar Delta, yana mai cewa akasarin 'yan jam'iyyun adawa sun sa hannu a kan wata takardar dabam, kuma dokar majalisa 'yan majalisa ta ba wa ikon zaɓe ba ofishin jam'iyya ba. Zaure ya hargitse har aka yi yunƙurin ɗauke sandar majalisa. PDP ta dakatar da Elumelu da wasu mutum shida, amma hakan bai sauke shi daga kujerar ba, ya ci gaba da riƙe ta har zangon ya ƙare a 2023, shi kuma Chinda ya ci gaba da magana da sunan jagoran 'yan PDP a zauren. Shekara huɗu ke nan babbar jam'iyyar adawa tana da baki biyu a majalisa ɗaya. Ba na cewa Gbajabiamila ya karya doka, domin a zahiri nassin dokar yana tare da shi. Tambayata ita ce wa ya ga yadda aka tara sa hannun, a gaban wa aka yi shi, kuma me aka faɗa wa kowane mutum kafin ya ɗora alƙalami.

A 2023 abin ya sake faruwa, wannan karon a Majalisar Dattawa, kuma ya taɓa mu kai tsaye. A zaɓen wannan shekarar dukkan kujerun sanata uku na Kebbi PDP ce ta lashe su: Muhammad Adamu Aliero a Kebbi ta Tsakiya, inda ya kayar da gwamna mai ci Abubakar Atiku Bagudu, da Yahaya Abdullahi a Kebbi ta Arewa, da Garba Musa Maidoki a Kebbi ta Kudu. A cikin sanatoci 109, APC tana da 59, PDP tana da 36, LP tana da 8, sauran kuma suka rarrabu tsakanin NNPP da SDP da APGA da YPP, wato 'yan adawa 50 cif. Adadi ne da zai iya hana kowane abu da ke buƙatar kashi biyu bisa uku wucewa, kuma zai iya tilasta wa gwamnati ta zo ta zauna a tattauna kafin ta kawo buƙatar bashi ko ƙarin kasafi. Ranar 4 ga Yuli, shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya sanar da Simon Mwadkwon na Filato ta Arewa, wanda zuwansa na farko ke nan Majalisar Dattawa, a matsayin shugaban marasa rinjaye, da Oyewumi Olalere na Osun a matsayin mataimaki, da Darlington Nwokocha na LP a matsayin mai tsawatarwa, da Rufa'i Hanga na NNPP daga Kano a matsayin mataimakinsa, bisa hujjar cewa mafi yawan 'yan adawa sun sa hannu. Sanata Maidoki yana cikin waɗanda suka fito suka koka wa manema labarai cewa an fitar da shugaba ba tare da an ko tuntuɓe su ba.

A duba wannan da kyau. Mutanen Zuru da Yauri da Danko-Wasagu da Sakaba, waɗanda suka sha wahalar 'yan bindiga, waɗanda aka kwashe musu ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, sun tashi sun kaɗa ƙuri'a ga ɗan adawa domin suna son a sami mai ɗaga murya a Abuja. Sai ga shi wakilin nasu yana jin sunan jagoransa ne daga bakin shugaban majalisa, daidai lokacin da mu ma muke ji a rediyo. A dambe ma ba a taɓa barin ɓangaren Kudu ya zaɓa wa Arewa wanda zai fito ya kara da shagonsu, domin kowa ya san wanda za su nuna.

Shugabancin Mwadkwon bai daɗe ba, saboda kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓensa a watan Oktoban wannan shekarar, ba da jimawa ba kuma ta soke na Nwokocha. A watan Nuwamba aka sake bin hanyar sa hannu, aka sanar da Abba Moro na Binuwai ta Kudu a matsayin sabon shugaba, aka kuma ba Osita Ngwu na PDP kujerar mai tsawatarwa wadda a da take hannun LP. Sanatocin LP, musamman Tony Nwoye na Anambra, suka miƙe suna ƙorafi da babbar murya cewa an raba su da kasonsu alhali su ne jam'iyyar adawa ta biyu a yawa, amma guduma ta riga ta sauka.

Wani zai ce ai muƙamin na ado ne, tunda masu rinjaye ne ke yanke hukunci a ƙarshe. Wanda ya san aikin majalisa ba zai faɗi haka ba. Shugaban marasa rinjaye yana cikin shugabannin da ke zama su tsara abin da zai shigo zaure da abin da za a jingine, yana kuma cikin kwamitin da ke raba 'yan majalisa zuwa kwamitoci, don haka yana da ta cewa a kan ɗan adawar da zai sami kwamiti mai maiƙo da wanda za a jefa inda babu ko taro. Idan ya miƙe ana ba shi dama kafin sauran. A al'ada ma 'yan adawa ake bar wa shugabancin kwamitin binciken asusun gwamnati, wanda ke bin rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa yana kiran ma'aikatu su yi bayani. Shi kuma mai tsawatarwa, wanda wasu ke kira bulaliya, aikinsa shi ne ya san inda kowane ɗan ɓangarensa yake ranar da za a kaɗa ƙuri'a mai muhimmanci, ya tabbatar sun zo kuma sun tsaya a kan matsaya ɗaya. Mutumin da ke riƙe da irin wannan aiki dole ne ya ji nauyin wanda ya ɗora shi. Idan abokan aikinsa ne suka zaɓe shi, su zai ji tsoron ɓata wa rai. Idan kuwa ya san da alfarmar shugaban majalisa ya hau, ba sai an ce masa ya sassauta ba.

Gyaran da nake ganin ya dace ba wani sabon abu ba ne: a sa rana, a sanar da ita, masu so su fito fili su nemi kujerar, su yi wa abokan aikinsu bayanin yadda za su tafiyar da adawa, sannan a kaɗa ƙuri'ar sirri a ƙirga a gaban kowa, a bayyana adadin da kowa ya samu. Ma'aikatan ofishin akawun majalisa za su iya gudanar da shi tare da wakilan jam'iyyun, shi kuma mai jagorantar zama aikinsa ya tsaya ga karanta sakamakon da aka miƙa masa. Dalilin da ya sa na dage a kan sirri shi ne abin da muka gani da idonmu ranar 13 ga Yunin 2023, ranar da 'yan Zamfara biyu suka tsaya takarar shugabancin majalisa a zauruka biyu. A Majalisar Dattawa an yi ƙuri'ar sirri, sai Abdul'aziz Yari, tsohon gwamnan Zamfara, wanda ya bijire wa zaɓin jam'iyyarsa da na fadar shugaban ƙasa, ya sami ƙuri'a 46 a kan 63 na Akpabio. A Majalisar Wakilai kuwa kowa sai da ya miƙe ya ambaci sunan wanda yake so a bainar jama'a, sai Tajuddeen Abbas ya kwashe 353, Aminu Sani Jaji na Ƙaura Namoda da Birnin Magaji ya tashi da 3, Idris Wase ma 3, duk da cewa idan aka haɗa 'yan jam'iyyun adawa na wannan zaure sun kai kusan rabinsa. Na san akwai wasu dalilai, Abbas ya yi zawarci sosai kuma gwamnoni sun mara masa baya, amma tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu ta yi yawan da ba za a ce hanyar zaɓen ba ta da hannu a ciki ba. Takardar sa hannu kuwa ta fi ƙato-bayan-ƙato ma tona asiri, domin ita tana nan ajiye, gwamna zai iya gani, ubangida zai iya gani, wanda ke raba kwamitoci ma zai iya gani.

Wannan tsari na zaɓen jagororin adawa a tsakanin 'yan majalisa ya daɗe a wasu ƙasashe, kuma inda ya fi shahara shi ne jam'iyyar Labour ta Birtaniya. Tsarinsu na firaminista ne, don haka 'yan adawa sukan kafa tawagar ministocin jiran gado, kowane ɗaya yana bibiyar ma'aikata guda yana ƙalubalantar ministanta a zaure, kuma tun 1937 doka ta tanadar wa jagoran adawa albashi. Shekaru da dama, duk lokacin da Labour ba ta kan mulki, 'yan majalisarta ne ke zaɓen mambobin wannan tawaga da ƙuri'a, galibi shekara-shekara, shi kuma shugaban jam'iyya sai ya raba musu ma'aikatu. Zaɓen ƙarshe an yi shi a watan Oktoban 2010, inda aka cike gurabe 19, da sharaɗin cewa aƙalla shida mata ne, Yvette Cooper kuma ta zo ta ɗaya. A 2011 shugabansu Ed Miliband ya nemi a soke tsarin a bar masa ikon naɗawa, 'yan majalisar da babban taron jam'iyya suka amince.

Adalci ne a faɗi hujjar da ta sa suka soke shi, domin ba ta banza ba ce. Sun ce zaɓen yana sa 'yan majalisa su shagala da zawarcin junansu maimakon fuskantar gwamnati, yana fifita mai farin jini a kan mai ƙwarewa, yana kuma ɗaure wa shugaba hannu ya zauna da mutanen da ba su yarda da alƙiblarsa ba. Sai dai a lura da wanda ikon ya koma hannunsa: shugaban jam'iyyar ne, wanda shi kansa zaɓaɓɓe ne kuma ɗan majalisa ne da ke zaune a zaure ɗaya da su. Ba wanda ya taɓa tunanin a bar wa kakaki ko firaminista ya ce ga wanda zai yi masa adawa. Ko a can ɗin ma, da aka sami ɓaraka a 2016 lokacin da mambobin tawagar Jeremy Corbyn, shugaban jam'iyyar a lokacin, da yawa suka yi murabus, 'yan majalisar sun nemi a maido da zaɓen, ko da yake buƙatar ba ta kai ga nasara ba. A Amurka, wadda daga gare ta muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa a 1979, 'yan kowace jam'iyya a kowane zaure su ke taruwa su kaɗai su zaɓi jagororinsu, idan an sami takara kuma da ƙuri'ar sirri ake raba gardama.

Su kuma masu cewa a bar wa uwar jam'iyya, tunda a inuwarta kowa ya ci zaɓe kuma babu ɗan takara mai zaman kansa a dokarmu, ina fahimtar damuwarsu, amma ina ganin maganin nasu bai fi cutar sauƙi ba. A Ghana, a watan Janairun 2023, shugabannin jam'iyyar NDC suka aika wa kakaki wasiƙa suka sauke Haruna Iddrisu na Tamale daga shugabancin marasa rinjaye, da Muntaka Mubarak na Asawase a Kumasi daga kujerar mai tsawatarwa, suka ɗora Cassiel Ato Forson, ba tare da sun zauna da 'yan majalisar ba, sai da dattawan jam'iyya suka shiga tsakani kafin ƙura ta lafa. Wannan jam'iyya ce mai tsari. A nan gida kuwa, wace uwar jam'iyya ake nufi? PDP ta shafe fiye da shekara guda, daga 2016 zuwa Yulin 2017, tana da shugabanni biyu, Ali Modu Sheriff da Ahmed Maƙarfi, har sai da kotun ƙoli ta raba gardama, kuma bayan zaɓen 2023 ita da LP da NNPP duk sun faɗa rikicin shugabanci. Wasiƙar hedikwata sau da yawa wasiƙar gwamna ɗaya ce ko attajiri ɗaya da ke biyan kuɗin hayar ofis. Ga kuma matsala ta biyu, wato marasa rinjaye ba jam'iyya ɗaya ba ce, don haka babu dalilin da zai sa sakataren PDP ya zaɓa wa ɗan NNPP na Kano ko ɗan LP na Abiya shugaba. Abin da ya dace da jam'iyya shi ne ta tsayar da wanda take so ta yi masa kamfe a cikin 'ya'yanta, idan ta kasa shawo kansu kuma ta binciki kanta.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi, ita ce ta kuɗi, kuma ba ni da cikakkiyar amsarta. Duk wanda ya ga yadda ake zaɓen fid da gwani da daliget ya san ƙuri'ar sirri ba ta hana ciniki, har rantsuwa ake sa mutane da ɗaukar hoton takardar ƙuri'a da waya. Abin da kawai zan ce shi ne sirri yana tsadar da cinikin kuma yana rage tabbacinsa, domin mai saye ba ya da yaƙinin an cika masa alkawari, sa'annan yana ba mai son bin gaskiyarsa mafaka. Sanata ko ɗan majalisar da ke tsoron gwamnansa zai iya murmushi a fili ya kaɗa abin da yake so a ɓoye, amma ba zai iya ƙin sa hannu a takardar da aka kawo masa har gida da dare ba. Batun rabon shiyya da na fifita tsofaffin 'yan majalisa kuwa ba sa cin karo da zaɓe, domin ana iya amincewa tun farko a rubuce cewa kujera kaza ta shiyya kaza ce ko ta jam'iyya kaza, sannan a yi takara a cikin wannan iyaka, kamar yadda Labour ta ware wa mata gurabe. Da an yi haka a 2023, da rigimar LP ta watan Nuwamba ba ta taso ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a haɗa da zaɓen, wato wa'adi. A yanzu wanda aka sanar ya zauna ke nan har shekara huɗu, sai dai kotu ta cire shi ko shi da kansa ya tafi, kuma tarihin kujerar cike yake da masu tafiya. Ali Ndume ya riƙe ta a Majalisar Wakilai a ƙarƙashin ANPP kafin ya koma PDP mai mulki a ƙarshen 2010. Akpabio da kansa shi ne shugaban marasa rinjaye na Majalisar Dattawa daga 2015, ya ajiye a watan Agustan 2018 ya shiga APC. Enyinnaya Abaribe ya ajiye a 2022 ya koma APGA bayan ya rasa tikitin gwamna, a shekarar da namu Yahaya Abdullahi ya ajiye shugabancin masu rinjaye ya koma PDP. Da a ce duk bayan shekara biyu shugaban marasa rinjaye zai koma gaban waɗanda suka zaɓe shi ya nemi sabunta amana, da dole ya zo da lissafin abin da ya yi: ƙudurori nawa ya tsaya a kansu, sau nawa ya nemi a ƙirga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya maimakon a bar guduma ta yanke hukunci da amon murya, ministoci nawa aka kira saboda matsin lambarsa. Shekara-shekara irin na Labour ya yi yawa a wurinmu, amma shekara huɗu babu tambaya ma ya yi yawa.

Ba zan ɗora wa wannan matsala alhakin sauya sheƙa gaba ɗaya ba, domin dalilan sauya sheƙa sun fi haka yawa, kuma sashe na 68 na tsarin mulki, wanda ya ce mai barin jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa sai idan jam'iyyar ta rabu, shugabannin majalisa ba sa aiki da shi idan wurinsu aka nufo. Amma akwai alaƙa. A watan Mayun 2025 sanatocin Kebbi uku suka koma APC a rana ɗaya, jihar da ta tura 'yan adawa zalla ta wayi gari ba ta da ko ɗaya a wannan zaure. An yi ta muhawara a majalisun hira na Birnin Kebbi da Jega da Argungu, wasu na cewa cin amanar masu zaɓe ne, wasu na cewa gara a shiga inda ake rabo a samo wa jiha wani abu. Abin da ban ji an tambaya ba shi ne me zaman adawa ya ba su a shekara biyun da suka yi a ciki. Ɗan majalisar da yake da ƙuri'a a zaɓen jagoransa, yake da damar neman kujerar da kansa nan da shekara biyu, yake ganin ɓangarensa yana iya tsayar da abu a zaure, yana da abin da zai yi asara idan ya tafi. Wanda aka mayar ɗan kallo a ɓangarensa kuwa, ba abin da ke riƙe da shi sai kunya.

A majalisun dokokin jihohi abin ya fi muni, kuma nan ne ya fi kusa da mu. Kebbi da Zamfara kowace tana da 'yan majalisa 24, kuma sau da yawa marasa rinjaye ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Zamfara ta ga abin mamaki a wannan fage: a watan Mayun 2019 kotun ƙoli ta soke ƙuri'un APC baki ɗaya saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, sai kusan dukkan kujerun suka koma PDP, sannan a watan Yunin 2021 Gwamna Bello Matawalle ya koma APC akasarin 'yan majalisar suka bi shi, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau da ya ƙi bi kuma aka tsige shi a watan Fabrairun 2022. A cikin shekara uku zaure ɗaya ya juya sau biyu ba tare da talaka ya sake kaɗa ƙuri'a ba, kuma a kowane juyi babu wata tsayayyar adawa da za ta tambayi yadda ake kashe kuɗin tsaro a jihar da ta fi kowace buƙatar wannan tambaya. Inda 'yan adawa huɗu ne ko biyar, wani zai ga kamar zaɓe wasa ne, tunda kowa zai sami muƙami. Ni kuwa ina ganin a nan ne ƙa'ida ta fi amfani, domin mutum biyar sun fi mutum hamsin sauƙin rarrabawa, kuma mota ɗaya da ofis ɗaya sun isa a saye shugabansu idan gidan gwamnati ne ya nuna shi tun farko.

Gyaran ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki, ba ya buƙatar sa hannun shugaban ƙasa ko na gwamna, sakin layi ɗaya ne a cikin dokokin zama na kowane zaure. Ko masu rinjaye sun ƙi, 'yan adawa za su iya rubuta wa kansu ƙa'idar su sanar da jama'a, su gayyaci 'yan jarida ranar ƙirga, ta yadda duk shugaban majalisar da ya karanta wani suna dabam zai yi hakan ne a gaban adadin da kowa ya riga ya ji. Lokacin da ya fi dacewa a rubuta ta shi ne kafin zaɓen 2027, tun ba a san wanda zai zauna a wane ɓangare na zaure ba, domin 'yan APC na yau da yawansu sun ɗanɗana zaman adawa kafin 2015, Gbajabiamila ma daga kujerar shugaban marasa rinjaye ya taso. Masu neman kujerun majalisa za su zo mana nan da ɗan lokaci, a Gwandu da Kamba da Gusau da Talatar Mafara, da alkawarin rijiyar burtsatse da taki da babura. Ni dai duk wanda ya zo neman ƙuri'ata zan ƙara masa da tambayar ko zai goyi bayan a rubuta wannan ƙa'ida, ko jam'iyyarsa ta ci ko ta faɗi, kuma zan so ya ba da amsar a gaban jama'a.